Hucin Lasifikar Hagu

Shekara ashirin da biyu rumfata ta ɗinki tana manne da ta Munkaila mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Matameye, zana ɗaya ce tsakaninmu. A Kano ya koyi aikin, lokacin da yake zuwa cin rani yana saurayi. Sauran masu gyara sai sun ɗauko abin awo sun yi ta cake-cake. Shi kuwa kai kawai zai karkatar, ya lumshe ido, ya faɗa maka abin da ya lalace tun ba a buɗe murfi ba. Akwai shi da cika baki, wannan ko a gabansa ina faɗa. Ya sha ce mini kunnena na tela ne, in ba ƙarar keke ba babu abin da yake ganewa.

Da wayar hannu ta shigo gari, rediyo ya ja baya. Abin da ya rage wa Munkaila shi ne ampli, wato na'urar ƙara sauti, na masallatai da na gidajen biki, sai kuma sunan da ya yi na cewa kunnensa ba ya ƙarya. Da wannan suna yake ciyar da matarsa Rabi da 'ya'ya biyar.

Bara bayan girbi Alhaji Sa'adu na Kurni ya kawo wani tsohon ampli mai akwatin katako da lasifika biyu, gadon mahaifinsa. Ta dama garau take, ta hagu kuwa huci take kamar an saka ƙosai a mai. Ya ce 'ya'yansa sun matsa a kai Zinder, shi ya ce ina, ai akwai Munkaila. Munkaila ya ce ya dawo kasuwa mai zuwa.

A ranar ya musanya wayoyin lasifikun, hucin ya koma dama, ya ce to ciwon a cikin ampli yake. Ya kwance abin murɗa sauti na hagu, ya wanke dattin da ya daskare a ciki, ya mayar da komai yadda yake. Da ya kunna, ni daga bayan zana na ji waƙa tana fita tas. Har na buɗe baki zan yi masa barka, sai na ji ya yi tsaki ya ce yana nan. Na ja bakina na yi shiru. Wane ni in yi wa kunnen Munkaila gyara?

Daga nan ya shiga uku. Ya sake musanya wayoyin, wannan karon hucin ya ƙi barin hagu. Ya aro lasifikar masallacin unguwarsu ya ɗaura, yana hagu. Ya bi dalma ɗigo-ɗigo ya narkar ya sake liƙawa. Ya cire tiransisto biyu, ya aika direban Zinder ya sayo masa sababbi, har buhun geronsa ɗaya ya tafi a kan haka. Kasuwa ta zo, ya ba Alhaji haƙuri. Ya daina cin abincin rana, ya daina tsokanata, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Rabi ta aiko tana tambayata ko wani ne ya yi masa asiri, don ya ce mata hucin har gida yake bin sa. Shi a ganinsa yawan saurare ne, ni ma na ce mata haka ne.

Kasuwa ta biyu Alhaji ya iso da hantsi, ya zauna a benci. Munkaila ya rame, hannunsa duk ƙunar dalma. Ya kunna ampli, ya roƙe mu mu yi shiru, ya karkata kai. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Fankata ta tsaya, fitilar ampli ta mutu, amma shi idonsa a rufe yake, bai gani ba.

"Kun ji ko? Ga shi nan, ya ma ƙaru. Alhaji, ka ƙara mini kwana uku, don Allah."

Da ya buɗe ido ya daɗe yana kallon fitilar. Ya sa yatsa ya toshe kunnen dama, ya cire, ya toshe na hagu. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan lokaci ba, ban kuma taɓa jin haushin kaina haka ba.

Da wuta ta dawo Alhaji ya saurari amplinsa, ya ce ai ya fi yadda yake a zamanin mahaifinsa. Ya yi wa Munkaila addu'a, ya ce ya daure ya ga likita, aka ɗaukar masa kayansa zuwa tasha.

Munkaila bai juyo ba ya ce mini, "Bawa, tun yaushe amplin ya daina hucin?"

"Tun ranar farko, Yaya."

Na ɗauka zai zage ni, da ma ya zaga. Sai ya kama hannun rigata, ya ce in rufa masa asiri, kada kowa ya ji, ko Rabi, don idan maganar ta fita babu mai sake kawo masa ko rediyon aljihu. Na ce to, na rantse masa. Ta saman kafaɗarsa ina hango tasha. Alhaji yana tsaye jikin motar Kurni, fasinjoji sun kewaye shi, yana nuna kunnensa na hagu yana girgiza kai.