Makarantar Bijimi da Makarantar Akuya

Duk wanda ya zauna a unguwar New Bell ta birnin Duwala, ɓangaren da Hausawa suka fi yawa, ya san Ɗantani mahauci, in bai san shi da wannan suna ba to ya san shi da Rakta. Rakta a Faransanci shi ne shugaban jami'a, kuma samari ne suka laƙaba masa don tsokana. Mutumin da bai taɓa zama a kan bencin makarantar boko ba, amma ka je ka ji shi yana jera jami'o'in Kamaru, wannan sama wannan ƙasa, sai ka rantse da shi aka aza harsashinsu.

A unguwar aka haife shi. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Zazzau da wuƙarsa a ƙugu, ya yi aure a Duwala, bai sake waiwayar gida ba. Ɗantani ya tashi yana tallan nama a tire, yana ratsa taɓon damina daga New Bell zuwa Marshe Santaral, babbar kasuwar garin, har Allah ya ba shi teburi nasa a layin mahauta. Hannunsa da albarka, ba ya algus, kuma in ya ce maka naman yau ne, to na yau ɗin ne. Sai dai akwai wani tabo da ya daɗe yana ɗauke da shi. Lokacin da ya je neman auren Raliya, wani kawunta ya ce a gaban mutane ai gidansu ba a saba shigowa da warin jini ba. An dai yi auren, har ga 'ya'ya, kawun ma ya daɗe da rasuwa, amma maganar ba ta rasu ba. Tun daga nan Ɗantani ba ya barin kasuwa sai ya wanke hannu da lemun tsami ya fesa turare.

To, a layinsu akwai al'ada. In yaro ya ci konkur, wato jarrabawar shiga babbar makaranta, iyaye kan yi yanka a yi walima. Da yake Ɗantani ake kira ya feɗe ya gasa, sannu a hankali sai ya zama shi ake tambaya me ya kamata a yanka. Shi kuwa abin nema ya samu. Makarantar likitoci ta Yawunde da Politeknik, bijimi ne, babu ragi. Wadda ake koyon mulki a fito a zama manya a gwamnati, ita ma bijimi, in da hali a ƙara da rago. Makarantar horar da malamai, rago. Wanda kuwa ya shiga fak, wato sashen jami'a na gama-gari, inda kowa mai bak, shaidar gama sakandare, ke iya rubuta sunansa, to kaji sun ishe shi, a yi masa addu'a. In ka matsa masa ya faɗi ma'auninsa, sai ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Makarantar kirki ita ce wadda yaro zai fito hannunsa fes, ba laka, ba maiƙo."

Ana cikin haka, shekarun baya, Bashiru ɗan Salmanu tela ya ci konkur ɗin makarantar likitan dabbobi ta Ngaundare, can Adamawan Kamaru. Salmanu, maƙwabcin Ɗantani ne katanga ɗaya, ya zo da murna har hularsa na karkacewa, ya ce, "Rakta, me za mu yanka?"

Ɗantani ya gyaɗa kai kamar mai nazari, sannan ya ce, "Likitan shanu? Akuya."

Majalisa ta kwashe da dariya. Salmanu ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. Ya je ya sayi akuyar, Ɗantani ya feɗe, aka ci aka watse. Ba su yi faɗa ba, gaisuwa ba ta yanke ba, amma daga ranar Salmanu bai ƙara ɗinka wa Ɗantani rigar Salla da hannunsa ba, sai ya miƙa wa yaran shago.

Nuriyya ita ce autar Ɗantani, kuma ita ce mai ƙwaƙwalwar gidan. Yayyenta maza kasuwa ta janye su tun da wuri, ita kuwa ko littafin wani ta gani a yashe sai ta ɗauka. Da ta shiga lise, wato babbar sakandare, ranar farko uban ya raka ta har bakin titi, ya tare mata bensikin, babur ɗin haya, ya duƙa ya ce mata a kunne, "In an tambaye ki aikin babanki, ki ce komersan ne. Ɗan kasuwa. Kin ji ko?" Ta dube shi, babur ya tashi.

Ana saura shekara biyu ta gama uban ya sayi ɗan maraƙi ja daga cikin shanun da ake saukowa da su daga Adamawa, ya damƙa wa Amadu, wani Bafulatani da ke kiwo a zangon shanu can ƙetaren gada, a Bonaberi. Kowa a layin ya san da wannan bijimi. Ai Ɗantani ba ya iya riƙe abin daɗi a ciki. "Na Nuriyya ne," yake cewa, "ranar da Yawunde ta kira sunanta, New Bell za ta san an yi yanka." Ranar Lahadi sukan je duba shi tare, kamar yadda ta saba bin sa zango tun tana 'yar ƙarama. Shi yana duba tozo da ƙiba, ita tana buɗe bakin sa, tana leƙa kofato, tana yi wa Amadu tambayoyin da har sai ya gaji. Uban yana gani, amma ya ɗauka wasan yara ne.

Da ta ci bak, sai ta same shi da la'asar yana wasa wuƙa a tsakar gida. Ta durƙusa ta ce, "Baba, konkur ɗin Ngaundare zan rubuta. Likitan dabbobi nake so."

Wuƙar ta tsaya cak a kan dutse. Ya ce, "Ta Bashiru?"

"Ita, Baba."

Kai, ranar Raliya ta ga tashin hankali. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo misalin 'yar wane da ɗan wane. Yarinyar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma janye ba. Daga ƙarshe ya ce ta je ta rubuta, ya biya mata mota. Amma gaskiyar magana, kuma Raliya ce shaida, mutumin nan da ya yi shekaru yana roƙa wa 'yarsa nasara, a wannan karon sai ya riƙa cewa Allah ya yi mata zaɓi mafi alheri, yana jan "mafi alheri" ɗin da wata irin murya. Raliya ta ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, faɗuwa kake roƙa mata." Ya ce shi bai ambaci faɗuwa ba.

Ba ta faɗi ba. Sakamako ya fito ana tsuga ruwa irin na Duwala, kwata ta cika ta tumbatsa, amma haka mata suka riƙa tsallakowa da lema suna guɗa. Ɗantani ya karɓi barka da fuskar da ba a gane ta ba. Daɗi na nan, don jininsa ne ya yi zarra a cikin ɗaruruwan yara. Kunya kuma ta fi daɗin nauyi. Baki shi ke yanka wuya, ga shi nasa ya yanka shi, don duk layin jira suke su ga abin da Rakta zai yanka. In ya kawo bijimi, ya ƙaryata kansa, an ce son kai. In ya kawo akuya, ya wulaƙanta 'yar da ya fi so a duniya.

Washegari da safe ya buɗe ƙofa sai ya tarar da wata akuya ramammiya ɗaure a jikin ƙarfen taga, ruwa ya jiƙe ta sharkaf. Salmanu na zaune a bakin shagonsa yana zare zare daga allura, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Gudummawa ce, Rakta. Na ga kada ka wahala da nema."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Ɗantani ya saka takalmin roba ya hau bensikin sai Bonaberi. Tun daren jiya ya shaida wa Raliya ya yanke shawara zai ce wa Amadu ya sayar da bijimin, walima kuma a fasa, a ce damina ce ta hana.

Ya isa ya tarar Nuriyya ta riga shi. Uwarta ce ta tsegunta mata. Tana tsaye cikin taɓo har idon sawu, hannunta a wuyan bijimin, shi kuma ya sunkuyar mata da kai. Amadu ya ga yanayin fuskokinsu sai ya tuna yana da aiki a can ƙarshen zango.

Ta ce, "Baba, in sayar da shi za ka yi, ka sayar, naka ne. Ban zo roƙon nama ba. Tambaya ɗaya nake da ita. Me shanu suka yi maka?"

Ya ce, "Shanu ba su yi mini komai ba. Ni dai na so ki yi nisa da wannan." Ya nuna taɓon, ya nuna kashin shanun, ya juya tafin hannunsa ya nuna. "Na so ki shiga wurin da ba wanda zai toshe hanci in kin wuce."

"Da wannan hannun ka biya mini makaranta."

"Shi ya sa."

Ta ce, "Ka tuna ranar da ka ce in ce kai komersan ne? Ban taɓa faɗa ba, Baba. Ko sau ɗaya. Duk malamin da ya tambaya, ce masa nake babana mahauci ne, teburinsa na Marshe Santaral, in yana son nama mai kyau ya je ya ce ni na aiko shi. Wasu sun yi dariya. Wasu kuma sun je."

Ɗantani ya tsaya baki buɗe. Sai yanzu ya gane dalilin da wasu 'yan boko masu kwat da ɗaurin kwalabat a wuya suka riƙa zuwa teburinsa suna gaishe shi da "Papa Nuriyya" cikin girmamawa, shi kuwa yana ta noƙewa yana ɓoye hannu a bayan riga. Ashe shekara da shekaru yana ɓuya, yarinyar nan tana can tana shelarsa. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya ya ce hayaƙin da makiyaya suka hura ne. Ya ƙwala wa Amadu kira ya ce a nemo mota, jibi da sassafe za a kai bijimi mayanka.

Ranar walima ruwa ya ɗaga kamar an roƙa. Aka kafa rumfa ta toshe layin. Raliya ta fito masa da babbar riga, ya ce ta ajiye, ya ɗaura farin gyauton aikinsa, ya sa aka kafa teburin gashi a bakin ƙofa, ba a bayan gida ba inda ya saba laɓewa a walimar mutane. Kafin kowa ya ɗanɗana, ya yanke tozon gaba ɗaya ya ɗora a tire, ya kamo igiyar akuyar nan, ya taka da kansa har shagon Salmanu, jama'a na kallo.

Ya ce, "Ga akuyarka, ta ci dusa ta gode. Wannan kuma na Bashiru ne. Tun ran nan ya kamata ya ci shi, bakina ne ya hana."

Salmanu ya dubi tozon, ya dubi maƙwabcinsa. Ya so ya ƙara ko da kalma ɗaya ce mai yaji, don ya tanade ta da daɗewa, amma sai ya ga ba ta da sauran amfani. Ya karɓi tiren ya ce, "Ka turo mini yadinka na Salla da wuri."

Samari ba su bar shi haka ba. Da ya koma kan gashi wani ya ɗaga murya, "Rakta, to yanzu Ngaundare ta koma makarantar bijimi ke nan?"

Ɗantani ya juya tsire, ya barbaɗa yaji, ya ce, "Ku daina tambayata. Na sauka daga kujerar. Kowa ya dubi ɗansa ya yanka abin da zuciyarsa ta ba shi."

Cikin baƙin akwai wata malamar su Nuriyya da ta zo daga unguwar Bonapriso da mijinta, wani dogo mai tabarau wanda bai san kowa ba. Ya ga dattijo cikin gyauto yana ta rabon nama, ya ɗauka ɗan aiki ne aka ɗauko, sai ya tambaye shi da Faransanci ina mai gidan yake, yana so ya yi masa barka. Ɗantani ya ajiye wuƙa. Bai nemi lemun tsami ba, bai goge a riga ba, ya miƙa masa hannun nan da maiƙonsa da yajinsa.

Ya ce, "Ni ne. Ɗantani mahauci, baban Nuriyya. Tun ina yaro Ngaundare ke aiko mini da shanu. Bana ni ma na samu abin da zan aika mata."