Wancan Na Bakin Ƙofa

Ana kiran assalatu muka bar Tudun Wadan Zariya, ni da maƙwabcina tela, wanda shagonsa ke jikin nawa. Ni sana'ata ɗaukar hoto, kuma shi ya ja ni wannan tafiya. Ya yi niyyar Makka ta ƙasa, ta Barno da Sudan, kuma kowa ya san mai bin wannan hanya yakan yi shekaru bai dawo ba. Mahaifiyarsa tana wani ƙauye cikin dajin Birnin Gwari, ta tsufa, ƙafa ta ƙi. Burinsa ya samu hotonsu shi da ita a kati guda, ya tafi da shi. Na ce ai wannan ba wani aiki ba ne. Ya yi ɗan murmushi ya ce in bari dai mu isa.

Tun jajibiri nake fama da zaɓen kaya. Kyamarata ƙarama ce mai fim, na saye ta hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma gida, kuma ana kwance mata gilashi a ɗaura wani. Dogon gilashin mai jawo na nesa na bar shi gida, don ba giwa zan ɗauka ba. Na ɗaura na kullum, wanda ke ganin mutum yadda ido ke ganinsa. Mai faɗin kuwa, wanda nake ɗaukar 'yan makaranta da shi in sun yi sahu, na jefa shi gwangwaninsa na rufe, don kawai akwai sauran wuri a jaka. Sai filas, wato fitilar nan mai faranti da ake sa wa ƙwai, ƙwan ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. Bana ƙwan ya yi wuya a kanti, 'yan kaɗan suka rage mini, na naɗe su a tsumma kamar ƙwan zabi.

Lori muka shiga zuwa Funtuwa, a can muka sake wata mai gishiri da kananzir da za ta yi kudu. Direba ya faɗi kuɗin gaba, muka dubi juna muka hau baya. Duk wanda ya taɓa zama kan buhun gishiri da damina ya san abin da wandona ya gani. Hanyar jar ƙasa ce, in an yi ruwa ma'aikata kan rufe shinge sai ƙasa ta sha iska, don kada manyan motoci su kwaɓe ta. A rufe muka tarar da shi. Mai gadin ya karɓi goronmu ya yi godiya mai kyau, bai buɗe ba. Muka zauna gindin ɗorawa har azahar, amma ban yi baƙin ciki ba, don matan Fulani sun fito da nono, kuma furar kwabo biyu a nan ta fi ta sisi a Zariya, ga kauri ga mai yana yawo a sama.

Daga nan daji ya fara rufe mu. Doka da maɗaci da kaɗanya sun haɗa kai, wani wurin sai ka rantse magariba ta yi. Wani gwaggon biri ya zauna tsakiyar hanya yana sosa ciki, direba ya yi ta danna oda, shi kuwa bai tashi ba sai da ya ga dama. Ƙudan tsando suka yi mana maraba ta cikin riga. Mun wuce matan Gwari a jere, kowace da tulin itace a kafaɗa, suna tafiyar da ni da jakata ƙarama ba zan iya ba. Da yamma liƙis muka shiga Birnin Gwari, muka sauka gidan kawun tela. Aka kawo tuwon dawa da miyar kalkashi, da zuma a ƙoƙo. Hirar dattawa duk ta sabuwar hanyar da ake cewa za a faso daga Kaduna ce, suna tsoron ta kauce wa garin, kasuwa ta bi ta.

Da safe muka ɗauki hayar kekuna muka kutsa daji. An kwana ana ruwa, ciyawa ta fi mu tsawo, kafin hantsi mun jiƙe sharkaf. A wani rafi ruwa ya kawo mana ƙirji, na ɗora jaka a ka ina karanto duk addu'ar da na sani. Da muka haye muka zauna shanya, a nan tela ya gaya mini abin da ya sa shi murmushi a Zariya. Shi ne ɗan farinta. Kakarsa ta raine shi, kuma mahaifiyar tasa irin mutanen da ce masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, ba ta ɗaga ido ta dube shi. In ya durƙusa gaisuwa, bango take amsa wa. Ga shi yanzu furfura ta fara fito masa. Na san al'adar, a gidanmu ma ana yi, amma na yau sukan sassauta. Gaskiya a raina na ce wannan ya yi yawa, kuma tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Mun same ta a ɗakinta, zaune bakin gadon kara, ƙanwar tela tana yi mata fifita. Ɗakin ƙarami ne mai duhu, hasken ƙofa kawai. Ni ta karɓe ni da fara'a, har da tsokanar wandona. Tela ya durƙusa daga waje ya gaishe ta, ta amsa tana duban tukwane. Maganar fito da ita tsakar gida ba ta ma taso ba. Da aka yi mata bayanin hoto ta ce, "Ni kaɗai dai ko, ɗan nan?" Na yi ta gyaran murya.

Ina buɗe jaka na tarar da ɓarna. Gilashin kullum ya yi gumi daga ciki, fari fat kamar idon makaho. Irin wannan ba a goge shi, don laimar tana tsakanin gilasan ne, kuma wanda ya kai shi kusa da wuta ya yi asararsa. Sai dai iska da haƙuri, mu kuwa gobe za mu juya. Mai faɗin da ke cikin gwangwani ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na ɗaura shi na leƙa, sai ga ɗakin gaba ɗaya ya shigo, ita a wannan gefe, tela tsaye bakin ƙofa a wancan. Na sa ƙwai, na danna. Shiru.

Na fito tsakar gida na kwance filas. Bakin batir ya yi kore saboda laima. Na karɓi almakashin tela na kankare, na ciro batiran tocilata na musanya, sannan na lashi gindin ƙwan na goga a wando, yadda masu sana'ar ke yi don wuta ta kama. Matan gida suka ga ƙato yana lasar ƙwan fitila, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Dole na ƙona ɗaya don gwaji. Ya yi wal, kaji suka watse, wata tsohuwa ta yi a'uziyya ta shige rumfa. Da na ƙarasa warware tsumma na tarar sauran sun fashe a lori, guda ɗaya tak ya rage.

Ga kuma wata matsalar. Hasken filas ba shi da adalci, na kusa yake wa aiki, na nesa ya bar shi cikin duhu. In na gyara don ita, tela zai fito baƙin inuwa. Sai ya matso kusa da gadon, ni kuwa ba ni da bakin faɗar haka a ɗakinta. Ina ta juya kyamara ina ɓata lokaci, sai ta ce, "Mai hoto, wannan gilashin naka har ina yake gani?"

Na kasa yi mata ƙarya. Na ce, "Inna, daga kan gadon nan har bakin ƙofa. Sai dai hasken ba ya kai wa can, wanda ya tsaya a ƙofa ba za a gane fuskarsa ba."

Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. Can ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ke, gaya wa wancan na bakin ƙofa ya tare mini iska. Ko ya shigo ko ya fita."

Tela ya cire takalmi ya shigo, ya tsuguna gefen gadon, kansa a ƙasa. Ita ta kau da fuska wajen bango. Na danna, idona kan ƙwan don fargabar kada ya sake ƙi. Ya kama. Kafin idanunmu su washe ta ce, "An gama? To a ba baƙi abinci."

Washegari da muka je sallama, ni ta yi wa magana. Ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, kai da abokin tafiyarka. Allah ya tsare shi duk inda ya sa gaba." Muka hau kekuna muka kama hanya. Dawowar ta fi sauƙi, shinge a buɗe, lorin doya muka samu har Funtuwa. Amma ni hankalina ba a kwance yake ba, ina ganin na wahalar da bawan Allah don hoton mutum biyu da suka juya wa juna fuska.

Na dawo da darasin sana'a, kowane gilashi yanzu yana da gwangwaninsa, kuma ba na fita da damina ba tare da batir na ajiya ba. Babban darasin kuwa a ɗakin wankin hoto na same shi, don a can na gane na yi wa tsohuwar nan mummunan zato. Da katin ya fara fitowa cikin ruwan magani, sai na ga ba bango take kallo ba. Daidai lokacin da na danna ta juyo, ta zuba wa kansa da ke sunkuye ido, irin kallon da ake yi wa jariri yana barci. Sai da na share hawaye kafin na shanya katin.

Bayan la'asar na leƙa shagon tela na miƙa masa. Ya tsayar da keken ɗinki, ya goge hannu a riga, ya karɓa. Ya daɗe yana dubawa, ya matsa bakin ƙofa wajen haske ya sake dubawa. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Ashe tana kallona."