Kawu Mai Yatsa da Atisayen Zuci

Shekara ashirin Kawuna yana shugabantar masu fenti, amma ban taɓa ganin ɗigon fenti a rigarsa ba. Aikinsa ya ɗaga hannu ya nuna inda buroshi ya tsallake, shi ya sa ma'aikata ke kiransa Mai Yatsa. Ranar da ya hau tsani don ya koya wa wani aiki, ranar ya faɗo a kan kafaɗarsa ta dama.

Bayan tiyata hannun ya ƙi wuce ƙirji. Kamfani ya ba shi zuwa ƙarshen wata, in bai warke ba mataimakinsa zai gaje shi. Ni nake kai shi wurin likitar gashin ƙashi, kuma tausayinsa nake ji ƙwarai, ko da yake dariya na cina.

Likitar ta zaunar da shi a kujerar roba ta ce, "Baba, tsoron ciwo ne ya riƙe hannun. Rufe ido, ka ga kanka kana shafa wa silin fenti. In ƙwaƙwalwa ta saba, jiki zai bi."

Kawu ya rufe ido minti goma, har da gyaɗa kai.

"Me ka gani?"

"An gama, 'yata. Shafa biyu."

"Kafaɗar fa, yaya ka ji ta?"

"Wace kafaɗa? Ai mutum uku na sa."

Haka aka yi mako biyu. Ko a cikin zuciyarsa Kawu bai yarda ya taɓa rolar shafa fenti ba. Wata rana ma ya kori ɗaya daga cikin ukun saboda latti. Wata ya kusa ƙarewa, ya daina cin abinci sosai, ya daina yi wa kowa faɗa a gida, abin da ya fi tayar mana da hankali.

A zama na ƙarshe likitar ta ajiye takardunta ta ce, "To bar fentin. Mataimakinka ne ya yi silin ɗakin nan. Me ka ce?"

Kawu ya ɗaga kai. A can kusurwa, sama da fanka, akwai wani ɗan wuri da ba a shafa ba. Hannun ya taso a hankali, ya wuce ƙirji, ya wuce kunne, gumi na tsiyaya masa, har yatsan ya miƙe.

"Wannan," in ji shi, "wannan ne za a ba wa aikina?"