Baba Ta'arifa da Gurasar Yaƙi

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Hadayek el-Maadi ta birnin Alƙahira, in ya ce bai taɓa shan karatun jaridar Baba Ta'arifa ba, to wallahi ƙarya yake yi. Jarida ɗaya tak gare shi a duniya, ta safiyar ranar da yaƙi ya ɓarke a Masar a shekarar sittin da bakwai. Ta yi jawur kamar an tsoma ta a shayi. Ya naɗe ta cikin leda biyu, kullum tana aljihun falmaransa.

Sunansa na yanka Haruna. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka taso daga ƙasar Haɗeja za su hajji suka maƙale a hanya. Shi kuma ya gangaro Alƙahira yana saurayi, ya yi gadin ƙofar bene har ƙarfinsa ya ƙare. Ta'arifa kuwa wani tsohon kuɗi ne, rabin ƙirshi, wanda yaran Masar na yanzu ko kamarsa ba su sani ba. Da shi Baba yake auna komai.

Mu muna hawa na biyu, shi yana ɗakin ƙasa. Malam, maigidana, yana karatu a jami'a, ni kuma ina ta fama da Larabcin kasuwa. Sai Baba ya ce shi zai riƙa raka ni cefane don kar a cuce ni. Wayyo, da na sani!

Mai tumatir yana faɗin kuɗin kilo, Baba ya dafe ƙirji.

"Nawa? Tumatir ɗin kake sayarwa ko gonar?"

Ya zaro jaridar, ya kwance leda ɗaya, ya kwance ta biyu, mutane suna jira a bayanmu. "Dubi nan. Ga tallar silima, ga tallar yadi, ga tallar firji. Ranar nan jirage suna zuba wuta, amma gurasa ta'arifa ɗaya na saye ta, mai zafi, faɗinta kamar faifai. Ana yaƙi fa! Kai wa yake yaƙarka?"

Mai tumatir ya ce, "Kai ne, ya Hajj. Kullum da safe."

Sai maganar tagarsa. A wancan yaƙin an sa mutane su shafe gilashin taga da shuɗi don kada jirage su hango haske. Kowa ya kankare nasa tuntuni, ban da Baba. Rannan ɗan mai gidan ya so ya yi abin kirki, ya sa aka canja masa gilashi yana masallaci. Kafin la'asar sai ga Baba a ƙofata yana haki, wai in ara masa bular wanki.

Na ce, "Haba Baba, an gama yaƙin nan tun innata tana goye."

"Wa ya gaya miki, amarya? Rediyo?" Haka yake ce mini, wasan kaka da jika. Malam kuwa Shehi yake kiransa, don tsokana. "Ranar nan rediyo ya ce mun kakkaɓo jiragensu kamar fara. Muna wurin mai shayi, ana ta rungume-rungume. Murna ta ɗebe ni na saya wa kowa shayi, har da wanda ban sani ba. Ashe namu jiragen ne aka ƙone a ƙasa. Tun daga ranar ban ƙara yarda da rediyo ba, ban kuma ƙara saya wa kowa shayi ba."

Wannan na biyun kam duk ku da kuka san shi shaidu ne.

Dariya muke yi masa, har watan Janairun 2011, lokacin da garin ya hargitse. Ina da cikin fari wata bakwai. Ranar Alhamis Malam ya tafi unguwar Arba wa Nus ya kwana wurin wani abokin karatunsa da ba shi da lafiya. Ranar Juma'a aka yanke waya. 'Yan sanda suka ɓace daga titi. Aka ce fursunoni sun fasa kurkuku, kurkukun kuwa ba shi da nisa da mu. Harbi muke ji kamar ana daka. Mazan kowane layi suka fito da sanduna da wuƙaƙen kicin, suka tare hanya da duwatsu, duk baƙon fuska sai an tsare shi.

Ranar Asabar waya ta dawo. Ta Malam a kashe. Na samu abokin nasa, ya ce, "Ai ya fito tun da hantsi, bai iso ba?"

Na rasa abin yi, na hau ninke kayansa don hannuna ya samu aiki. Ina ɗaga farar jallabiyarsa sai wani abu ya faɗo daga aljihu. Fasfonsa ne, da takardar izinin zama a ciki. Baƙar fata, baƙo, ba takarda, a gari irin wannan! Na zauna daɓas a ƙasa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Yaron cikina ma ya yi tsit, ko motsi ya daina.

Washegari da sassafe na sauka wurin Baba, fasfon a hannuna. Ya kalle ni, ya kalli fasfon. Na zaci zai ce in yi haƙuri ƙura ta lafa, kamar yadda kowa yake ce mini. Sai ya jawo takalminsa.

"Kawo kuɗi, gine biyar."

"Na me, Baba?"

"Na gurasa mana. Ko da nawa kuɗin kike so in nemo miki miji?"

Ya tafi gidan gasa gurasa ya bi layi, ya aro ƙafas, shimfiɗaɗɗen kwandon nan na itacen dabino da masu gurasa suke ɗorawa a ka. Ya jera gurasa fal, ya cusa fasfon a ƙarƙashi. Da ya biyo ta ƙofar gida na riƙe masa riga, na ce tsoho mai ciwon suga ina za shi, ana harbi?

Ya ce, "Amarya, abu ɗaya yaƙi ya koya mini. A Masar ana tare mai mota, ana tare mai jaka, ana tare mai rawani. Ba a tare mai gurasa. Mai sanda ma da yunwa ya kwana. Ki rufe ƙofa, ki ci abinci."

Abinci? Ina! A bakin taga na wuni. An sa dokar hana fita tun daga la'asar, kuma an ce duk wanda aka gani a titi bayan nan shi ya jiyo. Azahar ta yi, shiru. Maƙwabciyata Bamasariya ta hawo tana ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ita ma tana kuka. Tankar soja ta wuce ta babban titi, bene duka yana rawa. Na ce shi ke nan, na rasa miji, na kuma tura tsohon mutane halaka. Ba addu'ar da ban karanta ba, har na koma maimaita Fatiha kawai, don sauran duk sun gudu daga kaina.

Ana kiran la'asar na hango su a bakin layi. Malam ne a gaba, babu hula, leɓensa a fashe, ƙafas a ka yana tangaɗi da shi. Baba yana baya yana ɗingishi yana yi masa tsawa: "Miƙe wuya, Shehi! Littafi nawa ka haddace, kwando ɗaya ya gagare ka?"

Malam ne ya ba ni labari daga baya. Baba ya bi hanyar da ya san zai biyo, wani wuri a ƙaramar bas, mafi yawa a ƙasa. Duk shingen da ya iso sai ya miƙa gurasa biyu ya tambaya, "Kun ga wani dogo baƙi mai farar hula?" A haka, daga shinge zuwa shinge, har aka nuna masa wani garejin mota. Nan ya tarar da Malam ɗaure da igiyar shanya, ya kwana a kan siminti, an ƙwace wayarsa, ana jira a miƙa shi ga soja a matsayin fursunan da ya tsere.

Baba ya sauke ƙafas ya ce wa mutanen da suke tsare da shi, "Wannan ne ɗan fashin? Ku dube shi da kyau. Wannan ko kaza aka ba shi ya riƙe sai ta gudu."

Ya nuna fasfo. Suka fara gardama, wani ya ce a bari soja su zo tukuna, wani yana juya wuƙa a hannu. Malam ya ce a lokacin ya sallama. Sai Baba ya nemi kujera ya zauna, ya kwance leda ɗaya, ya kwance ta biyu. Ya fara daga kuɗin gurasa. Ya shiga kuɗin nama. Yana kan tallar firji babbansu ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, ya Hajj! Ɗauki abinka, yalla!" Har yau Malam bai sani ba, fasfon ne ya fisshe shi ko jaridar.

Da suka shigo na durƙusa zan cire wa Baba takalmi, safar ta manne da jini. Na kawo ruwan ɗumi da gishiri ina wanke masa ƙafa ina kuka. Na ce, "Baba, me ya kai ka? Ba ɗanka ba, ba jikanka ba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan.

"Ina da ƙane, Idi. Uwa ɗaya uba ɗaya. Yana aikin hanya da 'yan kwangila a hamadar Sina lokacin da aka fara yaƙin. Na ce bari ƙura ta lafa in je in nemo shi. Da ta lafa, babu hanyar zuwa, babu kuma wanda ya gan shi. Innarmu ta mutu tana tambayata." Ya goge fuska da hularsa. "Ƙara ruwan zafi, amarya. Ko shi ma ya yi tsada?"

Ƙafar nan ba ta ƙara komawa daidai ba. Daga sanda ya koma kujera, daga kujera ya koma gado, shekara uku yana jinya, bai taɓa cewa saboda mu ne ba.

Bayan wata biyu da wannan tafiya na sauka lafiya, namiji. Ranar suna ba mu gaya wa Baba komai ba, sai da liman ya raɗa ya faɗa a fili: Idrisu. Malam ya sauka da jaririn ya ɗora masa a cinya. Baba ya buɗe zanen a hankali, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Kai Idi. Ka daɗe a hanya."

Allah ya jiƙan Baba Haruna, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya taka da ƙafarsa ya dawo mini da nawa, ya Allah ka sada shi da nasa. Amin.