Salansar Motar Baba

Ranar da muka gudu daga Mubi, wajen tsallaka wani mayo, wato rafi, salansar motar Baba ta fashe. Akori-kura ce tsohuwa, an cika ta da mata da yara, cikinta ya daki dutse. Bayan an kori mutanen dajin da suka mamaye garin muka dawo unguwarmu Yelwa. Motar tana nan da ranta, sai dai muryarta ta sauya. Da Baba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tas-tas-tas, kamar ana sakin harsashi. Shi bai damu ba, domin tun da wani abu ya fashe kusa da shi a tasha kunnuwansa suka toshe, sai an ɗaga murya yake ji.

Sana'arsa ɗauko hatsi daga ƙauyuka, da ita muke ci. Makarantarmu tana rufe, don haka nake zama gefensa da littafi a cinya. Fitarmu ta farko Vimtim muka nufa. Muna gangarawa cikin gari motar ta yi halinta. Na ga mata sun watsar da kwanukan gyaɗa sun shige cikin karan dawa. Wata tsohuwa ta yi ƙoƙarin haye katangar dutse, ta faɗi, ƙugunta ya goce. Da irin wannan motar mutanen dajin suka shigo musu a bara. Dattawan garin ba su yi faɗa ba. Sun dai gaya wa Baba cewa kada ya sake zuwa sai ya gyara, in ba haka ba su nemi wani direban.

Washegari muka je garejin wani bakanike a Lamorde, abokin Baba tun suna samari. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce walda ba za ta riƙe ba, tukunyar salansar ta ruɓe kamar gwanda. Ya fito da guda biyu ya jingina da bango. Ɗaya sabuwa ce fil, 'yar China, tana ƙyalli. Ɗayar ta hannu ce, mai nauyi, gefenta baƙi ƙirin kamar ta sha wuta. Ya ce sabuwar tana da ƙara kaɗan, samari suna son ta, kuma ba ta wuce damina biyu. Ta hannun kuwa asalin ta kamfani ce.

Baba ya shafa baƙin ya duba yatsansa. Ya tambayi inda aka samo ta. Bakaniken ya ce masu gwangwan ne suke kwancowa daga motocin da aka bari a hanya.

“Mai motar fa?” in ji Baba.

“Alhaji, yanzu ba a tambayar wannan.”

Sai da ya maimaita da ƙarfi kafin Baba ya ji. Daga baya ya juyo gare ni ya ce a ɗaura kowace a tayar da mota, ni zan saurara, wadda na zaɓa ita za a bari. Bakaniken ya yi dariya, ya ce yau ɗan boko zai ci jarrabawar kunne, Allah ya sa kada ya faɗi.

Ban iya magana cikin mutane ba, amma na iya natsuwa. Na sa aka gwada kowace a tsaye, aka taka totur, aka saki. Na koma bayan katangar garejin na saurara, na ƙara matsawa har bakin titi, inda mai tsoro zai fara jin ta. Sabuwar tana da wani gurnani a ƙasa-ƙasa wanda ya sa wata mai tallan ƙosai ta waiwayo. Da aka ɗaura mai baƙin, ko kai ba ta ɗaga ba. Na dawo na nuna ta. Baba ya karanta wani abu a hankali kafin a ɗaure ƙusoshin, ina jin addu'a ce ga mai ita.

Ranar da muka koma Vimtim, ƙarar taya a kan tsakuwa kawai nake ji. Na ji daɗi a raina. Mun wuce gonakin farko, mun sha kwana, sai ga mu a tsakiyar gidaje babu wanda ya ji zuwanmu. Wata yarinya da ke shanya masara ta ɗago ta ga hancin mota a gabanta. Ba ta gudu ba, ƙafafunta ne suka ƙi. Kafin Baba ya taka birki, maharba biyu masu gadin gari sun fito daga bayan rumbu, bakin bindigar ɗaya yana daidai fuskata. Baba ya fitar da hannuwansa ta taga yana kiran sunan kansa da na mahaifinsa.

Babban cikinsu ya gane shi. Ya sauke bindigar abokinsa da tafin hannu, ya zo ya sa baki a kunnen Baba.

“Alhaji, mota irin wannan ba ya shiga gari shiru. Saura kaɗan.”

Sun bar mu mun yi lodi. Babu wanda ya tsaya hira da mu, uwar yarinyar ma ba ta amsa gaisuwata ba. Aka yanke cewa duk ranar da za mu zo, mu tsaya a bakin gonaki, ni in sauka in shiga gari da ƙafa in sanar, Baba ya biyo baya a hankali. Haka muka yi har aka gama kwashe amfanin gonar shekarar. Ina tafe a gaba, hannuwana a sake inda kowa zai gan su, motar tana bina.