Rigunan Ruwan Sanyi Biyu

Ba a yin nutso a teku mutum ɗaya. Ita ce doka ta farko da Bamisiren da ya koya mini ya kafa, tun kafin ya bar ni in goya tukunyar iska. Dole ka sami abokin nutso: ya duba kayanka a kan jirgi, ka duba nasa, in kun sauka ƙasa idonka na kansa, nasa na kanka. Ni ban sha wahalar neman nawa ba. Shekara shida mutum ɗaya nake bi, har Allah Ya karɓi abinSa.

Ni ɗan Damagaram ne, ruwan da na sani bai wuce na tafki ba. Neman abinci ya kawo ni Jidda, na sami aiki a wani shago a Khumra, ina ɗura iska a tukwanen masu nutso. Abokin nutson nawa kuwa makanikin injin jirgin ruwa ne, shagonsa na jikin namu. Haifaffen unguwar Mahjar ne a nan Jidda, kakansa da ƙafa ya zo aikin hajji bai koma ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Yaya nake ce masa. Rabin Hausarsa Larabci ce, amma kullum tawa yake wa gyara.

Shi ya ja ni cikin ruwa. "Ya akhi, kullum kana cika wa mutane tukunya, kai ba ka taɓa ɗanɗana miyar ba? Yalla, ranar Juma'a."

A ƙarƙashin ruwa babu magana sai da hannu. Ka haɗa babban yatsa da manuni ka yi zobe, wato "lafiya?" In lafiya ce, abokinka ya mayar maka da zoben. In da matsala, ya shimfiɗa tafin hannu ya karkaɗa. Bamisiren ya sha yi mana faɗa a kan wannan. Ya ce ya lura da mutanenmu, ko wuta ke cin rigarmu aka gaishe mu sai mun ce lafiya lau. "Wannan tambaya ce, ba gaisuwa ba," in ji shi. Muka yi dariya, don bai yi mana ƙarya ba.

Abin da ya ishi Yaya shi ne ɗumin tekun Jidda. Da bazara ka faɗa ciki sai ka ce ruwan wankan jego ne. Ya ji masu nutso suna labarin can arewa, gaɓar Tabuka, inda lokacin sanyi ruwa ke ratsa ƙashi, ga shi garau har kana hango ƙasa daga kan jirgi. Mutumin da aka haifa a Jidda bai san sanyi ba sai na firji, shi ke nan ya ƙwallafa rai. Shekara biyu muna shiri. In ya sami hutu ni kafilina, wato ubangidana, ya hana, in na samu shi injina sun taru masa. Da ƙyar hutunmu ya zo ɗaya. Muka je Sharafiyya muka sayi rigunan roba masu kauri na gwanjo, guda biyu. Tasa ta ƙi hawa tumbinsa sai da na taka bango na ja.

Saura mako biyu mu tafi muka ce bari mu gwada su a nan gida. Muna ƙasa, muna bin gefen duwatsun murjani, na lura yana baya, shi da kullum yake ɗan gaba ta haguna, ina bin ƙafarsa. Kumfar numfashinsa na fita da sauri, babu tsayawa. Na kama agogon iskarsa na duba, ya ci rabi, nawa kuwa ko kwata bai taɓa ba. Hannunsa ɗaya na dafe da ƙirji. Na yi masa zobe. Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya mayar mini.

Na karɓa. Na ce wa kaina rigar ce, ta yi masa zafi a wannan ruwan. Amma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, na san in na matsa za a je asibiti, in aka je asibiti tafiya ta rushe, kuma ban san shekarar da hutunmu zai sake haɗuwa ba.

Da muka hau jirgi na ce, "Yaya, iskarka ta ƙare da wuri yau."

"Ma fi mushkila, ba komai, rigar ce ta matse ni. Halas, kar ka zama mini tsohuwa."

Bayan kwana huɗu ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, sufana a hannu. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana ba da alama. Wajen ta'aziyya matarsa ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Daga bayan labule ta ce, "Kai ne kake tare da shi a ruwa. Ba ka ga komai ba?"

Na ce, "Na tambaye shi, ya ce lafiya."

"Ni ma haka ya ce mini," in ji ta. Daga baya ta aiko mini da rigarsa a leda.

Shekara guda ban sa ƙafa a ruwa ba. Ina ɗura wa mutane iska, ina jin haushin dariyarsu. Da sanyi ya sake zagayowa na karɓi hutu, na zuba rigunan biyu a jaka, na hau motar arewa. Ban san me zan yi da tasa ba, na dai kasa barin ta.

A can na san tsadar abin da na rasa. Kowa da nasa yake zuwa, bibbiyu kamar takalmi. Na rubuta a zauren masu nutso na waya cewa ina neman aboki, aka karanta aka yi shiru. Wani ya tambayi takardar shaidata ta nutso, ya gani, ya ce zai kira, har yau. Na roƙi mai jirgi ya bar ni in sauka ni kaɗai, ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Kwana uku ina zaune a bakin gaɓa, iska na kaɗa ni, ina kallon jirage suna fita suna dawowa.

Rana ta huɗu mai jirgin ya yafuto ni. Akwai wani dattijo Basudane, malamin makaranta, mura ta kwantar da abokinsa. Bai yi mini tambayoyi ba. Ya duba kayana ɗaya bayan ɗaya, ya juya baya na duba nasa.

Da muka faɗa, sanyin ya shiga ta wuyan riga ya gangara har gadon bayana. Duk yadda aka ba Yaya labari haka yake. Ruwa garau, kifaye sun yi dafifi a kan dutse. Ban san sanda na juya hagu ba, ɓangaren da Yaya yake bi kullum, don in nuna masa. Kuka ya zo mini a cikin gilashin fuska, inda ba halin share hawaye.

Dattijon ya matso ya yi mini zobe. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya mayar masa. Ya dube ni, ya dubi saman kaina, ya girgiza kai. Ya kama maɗaurin kafaɗata, ya ɗaga babban yatsa sama, alamar mu fita. Na sake yi masa zobe, har da nacewa. Ko kallon hannun bai yi ba. Haka ya hau da ni a hankali, yana riƙe da ni, har muka fito.

A kan jirgi ya zuba mini shayi daga fulas ɗinsa. Mutumin ya yi tafiyar kwana guda don wannan nutson, ga tukunyarsa nan kusan a cike. Kunya ta sa na hau shi da faɗa.

"Malam, ai na ce maka lafiya. Sau biyu na faɗa."

"Hannunka ne ya ce lafiya," in ji shi. "Ni kumfa nake kallo."

Na riƙe kofin, haƙorana na kaɗawa, jakar da rigar Yaya ke ciki na gefen ƙafata. Ni ma waccan ranar na ga kumfar Yaya.