Hantata a Cikin Yayana

Ranar sadakar bakwai ta Baba, yayana ya tsaya a ƙofar gidanmu na Lafia, a gaban dangi, ya ce ni ba jininsu ba ce. Wai uwata da cikina ta shigo gidan daga ƙauyensu. Ban yi kuka ba. Na kama hannun uwata muka hau mashin zuwa Shabu, inda nake sayar wa ɗalibai abinci, na ajiye maganar a raina kamar irin doya.

Shekara shida bai neme ni ba. Sai ciwon hanta ya kwantar da shi, idanu suka yi rawaya, ciki ya kumbura. Likitoci suka ce sai dashe a Indiya, a yanki hantar ɗan'uwa a sa masa. 'Yan ɗakinsu uku ne: ɗaya jini bai dace ba, ɗaya hawan jini, na ukun ya kashe waya. Matarsa ta zo rumfata tana murza bakin gyale.

"Anti, ke kaɗai kika rage fa."

Allah ya sani ba tausayi ya sa na yarda ba. Na ji cewa asibitin ba ya karɓar hantar kowa sai an gwada dangantaka, kuma wannan gwajin nake so. Takarda ta fito, ubanmu ɗaya.

Kafin aiki likita ya yi mini bayani ta bakin tafinta. Ya ce jiki yana da sojoji masu far wa duk baƙon nama. Amma na cikin hanta sun saba da baƙi, don duk abin da mutum ya ci ta gabansu yake wucewa, sai suka koyi haƙuri, har sukan lallashi sauran su ƙyale baƙo ya zauna. Shi ya sa jiki ya fi saurin karɓar hanta a kan ƙoda. Na ce a raina, ashe hantata ta fi ni hali.

An yi aiki, jikinsa ya karɓa ba gardama. Da ya farfaɗo ya kama hannuna.

"Ƙanwata, ki yafe mini."

"Ba a nan ba, Yaya. Sai a inda ka faɗi maganar farko."

Bayan wata uku muka dawo. Na sa aka tara dangi a ƙofar gidanmu na Lafia, har da na ƙauyen Adogi, na zaunar da uwata a kujerar gaba. Yayana ya fito yana dogara sanda. Ni ma ɗinkina yana ja na, amma na ƙi zama. Ya sunkuyar da kai, ya ce ni 'yar Baba ce, ƙazafi ya yi mana ni da uwata. Da ƙyar muryar take fita.

Na ce, "Baffa bai ji ba."

Baffa, ƙanen mahaifinmu, yana dab da shi, kuma kunnensa garau. Ya dubi uwata, ya dubi yayana, ya gyara zaman hularsa.

"Gaskiya ban ji ba," in ji shi. "Ɗaga murya."